Lantana a Tsibiran Hawai: Yadda Furen Ado Ya Cinye Makiyaya

Gabatarwa

In aka ce tarihi, abin da ke fara zo mana a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da ranakun da muke haddacewa don jarabawa. To amma tsirrai ma suna da nasu tarihi, kuma yana bin sawun na mutane ne. Jirgin ruwan da ya ɗauko soja da ɗan kasuwa, shi ne ya ɗauko iri. Mangwaro da dogon yaro daga wajen Indiya suka zo mana. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono kuwa asalinsu nahiyar Amurka. Yau ba wanda ke yi musu kallon baƙi, don sun zo sun zauna lafiya, mu ma mun ci moriyarsu.

Sai dai ba kowane baƙo ke zama raɓa ba. Akwai wanda in ya samu wurin shimfiɗa tabarma, sai mai gida ya koma kwana waje. A wannan rubutu za mu bi tarihin irin wannan baƙo, wani ƙaramin icce mai fure da ake kira lantana, da abin da ya yi a tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik. Wurin na da nisa da mu ƙwarai, amma an rubuta labarin dalla-dalla: an san shekarar da furen ya shiga, an san abin da ya yaɗa shi, an san wanda aka aika neman magani da abin da ya dawo da shi. Ga mu matasan ƙasar da kowace damina ake raba mana dashe a ce mu shibka, labari ne da ya kamata mu sani.

Wane irin icce ne?

Sunansa a wurin masana tsirrai Lantana camara. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya rubuta wannan suna a littafinsa na 1753. Asalinsa yankunan zafi na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karebiyan.

A tsayi bai wuce sabara ko geza ba, sai in ya samu wani icce ya hau. Rassansa masu kusurwa huɗu ne, da yawansu da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa. Ganyen na da kaushi, in ka murza shi yana da wani wari mai ƙarfi. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne furen: ƙananan furanni ne a dunƙule wuri guda, suna buɗewa rawaya, bayan ƙwari sun sha ruwansu sai su rikiɗe su koma ruwan goro ko ja ko ruwan hoda. Shi ya sa a dunƙule ɗaya sai ka ga launi biyu ko uku. Inda akwai laima kuma, kusan duk shekara yana cikin fure.

Bayan fure sai ɗiya, ƴan ƙanana kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, kore tun suna ɗanye, baƙi in sun nuna. Tsuntsaye na son su, kuma ƙwayar da ta bi ta cikin tsuntsu ta fi saurin tsirowa. Icce ɗaya na iya ba da dubban iri a shekara. In aka sare shi, kututturen ya toho. In aka sa wuta, ya riga kowa dawowa. Reshen da ya kwanta ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa. A haka yake haɗuwa ya zama sarƙaƙiya wadda mutum ko saniya ba su iya ratsawa, ciyawa kuma ba ta fitowa ƙarƙashinta.

Ga kuma babbar illa: ganyen dafi ne ga bisashe. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke lalata hanta. Saniya ko tunkiyar da ta ci da yawa sai ta daina kiwo, idonta ya yi shawara, fatar hancinta da duk inda gashi bai da duhu ta riƙa saɓulewa in rana ta buga. Da yawa ba su tashi. Ɗanyun ɗiyan ma haɗari ne ga yara.

Daga Amurka zuwa Turai, daga Turai zuwa ko'ina

A ƙasarsa ta asali lantana ba wani abin tsoro ba ne. Yana nan jefi-jefi a bakin daji, ƙwari iri-iri na cin ganyensa da furensa da irinsa, cututtuka na kama shi, sauran itatuwa na gasa da shi. Ba ya samun sakewa.

A ƙarni na 17 ne Turawa, musamman mutanen Holan da suka riƙe wani yanki na arewa maso gabashin Barazil daga 1630 zuwa 1654, suka fara kai shi Turai. Can sanyi ba ya barinsa ya rayu a waje, sai cikin ɗakunan gilashi na masu hali. Masu sana'ar fure suka yi ta haɗa wannan iri da wancan don samun sabon launi, shekara da shekaru, har aka samu ɗaruruwan iri-iri. Ku riƙe wannan batu, don zai dawo: lantanan da ya fita daga Turai ruwa-biyu ne, ya riga ya bambanta da kakanninsa na daji.

Lokacin da mulkin mallaka ya yi ƙarfi, kowace babbar tashar Turawa tana da lambun gwajin tsirrai, kuma lambunan na musayar iri tsakaninsu. Ta wannan hanya lantana ya isa lambun Kalkata a Indiya a farkon shekarun 1800, ya isa Ostiraliya a 1841, ya shiga Afirka ta Kudu da tsibiran tekun Indiya da na Fasifik. Jami'in mulki na son fure a ƙofar gidansa, mai gandu na son shinge mai ƙaya da ba ya bukatar ban-ruwa. Aka ɗauko iccen, aka bar maƙiyansa a gida.

Tsibiran da wuta ta haifa

Kafin mu ga shigarsa Hawai, sai mun san irin gidan da ya tarar. Tsibiran Hawai ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Aman wuta ne daga ƙarƙashin teku ya yi ta taruwa har ya ɓullo bisa ruwa, kuma har yau duwatsu irin su Kilauea da Mauna Loa na aman wuta. Tsakaninsu da nahiya mafi kusa ya fi kilomita 3,000. Duk abin da ya tsiro a can tun asali, iska ce ta kawo shi, ko igiyar ruwa, ko tsuntsu. Kaɗan ne suka iso, su ne suka hayayyafa suka rikiɗa cikin miliyoyin shekaru, har ya zama kusan kashi 90 cikin 100 na tsirrai masu fure na asalin Hawai babu su ko'ina a duniya sai can.

Dabba mai shayarwa guda ce tak a doron ƙasar tun asali, wato wani jemage. Ba akuya, ba barewa, ba wani mai cin ganye da haƙori. Da yake ba abin gudu, tsirrai da yawa sun zubar da makamansu: wasu danginsu a nahiya na da ƙaya su babu, wasu danginsu na da ƙaiƙayi ko wari su babu. Gari ne da bai taɓa ganin hari ba, don haka bai gina ganuwa ba.

Mutanen farko, ƴan Folinesiya, sun iso cikin kwale-kwale yau wajen shekara 800 zuwa 1,000. Sun zo da gwaza da rake da ayaba da kwakwa, da alade da kare da kaza, ɓera ma ya biyo su. Sun sare daji a gangare sun yi gonaki. Amma babban sauyi ya fara ne daga 1778, da zuwan Kyaftin Cook na Ingila. Turawa suka sauke awaki. A 1793 George Vancouver ya kawo wa Sarki Kamehameha kyautar shanu, sarki ya sa musu dokar haramci da suke kira kapu, ba mai yanka su. Shanun suka yaɗu suka zama na daji, suna cin ƙananan itatuwa suna tattake saiwoyi. Daga baya aka shiga saran iccen sandal mai ƙamshi ana kai wa Sin, har ya kusa ƙarewa a dazuzzukan.

Mutanen ƙasar su ma ba su tsira ba. Cututtukan da baƙi suka kawo sun rage su daga ɗaruruwan dubbai zuwa wajen 40,000 a ƙarshen ƙarni na 19. Gonaki da yawa suka zama saura, ba mai noma su. A 1848 aka yi rabon ƙasa da ake kira Mahele, a 1850 aka ba baƙi damar mallakar fili. Talakawa ba su samu ko kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. Manyan filaye suka koma gandayen rake da wuraren kiwon shanu, akasari a hannun Turawa.

Kun ga ke nan, kafin lantana ya sauka an riga an share masa fage: daji sararre, ƙasa tattakakkiya, gonaki yasassu, ga shanu masu cinye kowane tsiro su bar mai ɗaci da ƙaya.

Likita, fure da tsuntsu

A wajen 1850 wani likita Bajamushe mai suna William Hillebrand ya sauka Honolulu. Mutum ne mai ilimi da himma. Ya zama likitan gidan sarauta, shi ne kuma babban likita na farko a asibitin Sarauniya da aka kafa don jinyar ƴan ƙasa. Bayan aikin asibiti, ba abin da yake so kamar tsirrai. Ya yi lambu a gidansa ya cika shi da itatuwan ƙasashe daban-daban, lambun da har gobe yana nan da sunan Foster Botanical Garden. Littafin da ya rubuta kan tsirran Hawai, wanda ya fito a 1888 bayan rasuwarsa, ya daɗe yana zaman madogarar masana.

A 1858 ne lantana ya shiga Hawai a matsayin furen ado, kuma ga Hillebrand ake danganta kawo shi. Da farko yana cikin lambuna abinsa, ana yaba kyansa.

A 1865 gwamnatin masarautar ta aiki Hillebrand ƙasashen Asiya ya nemo ƴan ƙodago don gandayen rake, ya kuma tattaro tsirrai da dabbobi masu amfani. Cikin abin da ya aiko akwai wani tsuntsun Indiya da ake kira maina, kusan girman kurciya, mai baki rawaya da yawan surutu. Dalilin kawo shi mai kyau ne: wata tsutsa ce ke cinye ciyawar makiyaya da amfanin gona, shi kuwa maina yana cin tsutsa. Ya ci ɗin kuwa. Amma ya tarar da ɗiyan lantana nunannu a lambuna, ya ɗanɗana ya ji daɗi. Shi da wata kurciya da aka kawo daga Sin suka zama masu shibkar lantana ba da lada ba: su ci a gari, su je su yi kashi a daji.

A nan ne darasin farko yake. Furen shi kaɗai ya yi shekaru bai yi ɓarna mai yawa ba. Tsuntsun shi kaɗai an kawo shi ne don gyara. Haɗuwarsu a ƙasar da shanu suka riga suka buɗe ita ce ta haifi bala'in, kuma ba wanda ya hango ta, har shi mutumin da ya fi kowa sanin tsirran tsibiran a zamaninsa.

Kafin ƙarnin ya ƙare, lantana ya rufe manyan filaye a gangaren tsibiran, musamman ɓangarorin da ba su cika samun ruwa ba. Makiyaya ta zama sarƙaƙiya. Masu shanu suka sa lebura sara da tonon saiwa, kuɗin aikin a wasu wurare ya fi ƙarfin abin da filin ke bayarwa, kuma in an share bana, baɗi tsuntsaye sun sake shibkawa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Tafiyar Koebele ta 1902

A tsakanin nan mulki ya sauya hannu. A 1893 ƴan kasuwa da masu gandaye, da goyon bayan sojan ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Masu gandun rake da masu garken shanu suka zama su ne masu faɗa a ji. Da lantana ya taɓa aljihunsu, sai aka tashi neman magani da gaske.

Akwai wani masanin ƙwari a hannunsu, Albert Koebele, shi ma haifaffen Jamus. Ya riga ya yi suna: a 1888 ya je Ostiraliya ya samo wata ƴar ƙaramar buzuzuwa mai cin ƙwarin da ke kashe itatuwan lemu a Kalifoniya, cikin ɗan lokaci ta ceto gonakin. Sai aka ce, in ƙwaro na maganin ƙwaro, me zai hana ƙwaro ya yi maganin icce? Tunda lantana ya bar maƙiyansa a gida, a je a ɗauko masa su.

A 1902 Koebele ya tafi Meziko. Ya yi watanni yana bin daji yana duba abin da ke cin lantana, yana zuba su cikin akwatuna yana aikawa ta jirgin ƙasa da na ruwa. Da yawa sun mutu a hanya. A Honolulu wani masani ɗan Ingila, R. C. L. Perkins, shi ke karɓa, ya ware waɗanda suka zo da cuta ko da nasu maƙiya, ya saki sauran. Iri 23 aka aiko, 8 suka kama ƙasa suka hayayyafa. Cikinsu akwai wani ɗan ƙuda da tsutsarsa ke cin cikin ɗiyan, da wani ƙwaro mai fiffike kamar raga da ke tsotse ganye har ya bushe, da malam-buɗe-littafi iri biyu da tsutsotsinsu ke cin fure. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka tura masani takanas ƙasar asalin wani tsiro don ya nemo masu cinsa, kuma daga nan wannan fanni na ilimi ya samo tushe.

Ya yi aiki? Rabi da rabi. A wuraren fari, inda iccen ke shan wahalar rani dama, ƙwarin sun rage masa ƙarfi, yaɗuwarsa ta ja baya. A wuraren da ruwa ya wadata kuwa, sai ya zubar da ganye ya sake sabo. A shekarun 1950 da 1960 aka sake kawo wasu ƙwarin, aka ƙara samun sauƙi. Amma har yau lantana na nan a Hawai, ya zama ɗan gida, har yana da suna a harshen ƙasar, lakana.

Ƙasashe da yawa sun bi sawun Hawai. Zuwa yanzu an saki ƙwari da cututtuka wajen iri 40 a ƙasashe fiye da 30 don yaƙar wannan icce ɗaya, kuma a mafi yawan wurare nasarar kaɗan ce. Babban dalili shi ne wancan batu da muka ce ku riƙe: haɗe-haɗen da aka yi a Turai. Ƙwaron da ya saba da lantanan dajin Meziko sai ya zo ya tarar da wani iri dabam, ya ci mai jan fure ya ƙi mai ruwan hoda.

Maganin ma yana da nasa haɗari. A zamanin Koebele ba a yin dogon gwaji don a tabbatar ƙwaron ba zai taɓa wani abu ba. Ɗaya daga malam-buɗe-littafin nan an same shi daga baya yana cin gauta da barkono. Ƙwaron nan mai tsotsar ganye da aka kai gabashin Afirka, a shekarun 1960 an gan shi ya faɗa wa gonar riɗi a Yuganda. Mutanen Hawai ma sun riga sun ga irin wannan: a 1883 an kawo musu tunku don ya kashe ɓerayen gandun rake, ashe ɓera da dare yake fita, tunku da rana. Tunku ya koma cin ƙwan tsuntsaye. Garin neman gira aka rasa ido. Irin waɗannan kurakurai ne suka sa yau ake tsare ƙwaro shekaru a ɗakin gwaji, ana ba shi tsirrai iri-iri, kafin a yarda a sake shi.

Sauran tsibirai

Abin da ya faru a Hawai ya maimaita kansa a wasu tsibiran da aman wuta ya gina. A Reyiniyon da ke tekun Indiya ana kiransa galabert, a maƙwabciyarta Moris kuma vieille fille, wato tsohuwar budurwa, kuma a duka biyun ya mamaye busassun gangare. A Fiji da Banuwatu ya shiga gonakin kwakwa da makiyaya. A Galapagos, tsibiran da Darwin ya ziyarta a 1835, an kai shi tsibirin Floreana a 1938 don ado a lambun gida. Ya fita ya rufe fili mai yawa, yana danne tsirran da babu irinsu a wani wuri, yana kuma toshe wa wani tsuntsun teku hanyar ramukan da yake ƙwai. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa lantana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna.

A Indiya, inda ya cika dazuzzuka, wasu sun ce tunda ya ƙi fita, a ci moriyarsa. Mutanen ƙabilar Soliga a kudancin ƙasar na saƙa kujeru da kwanduna da rassansa suna sayarwa. Ana samun na cefane, amma abin da hannu ke sara bai kai abin da tsuntsu ke shibkawa ba.

Mu fa?

Nijar ba tsibiri ba ce, kuma itatuwanmu sun san akuya da raƙumi tun fil azal, ƙayarsu ma shaida ce. Amma irin wannan labari ya taɓa mu ta wasu ƙofofi.

Waɗanda ke karatu a Yamai sun san wannan tsiro mai kama da kainuwa, mai kyakkyawan fure shuɗi-shuɗi, da ke shimfiɗa bisa kogin Kwara yana hana masunta jefa taru, yana toshe hanyoyin ban-ruwan shinkafa. Asalinsa Amurka ta Kudu, kuma kyan furensa ne ya sa aka yi ta yawo da shi duniya, daidai da lantana.

Ƴan Difa kuma sun san porozofis. Shi ma ɗan Amurka ne. An shibka shi a yankin tafkin Cadi a shekarun 1970, bayan babban fari, don ya tsayar da rairayi. Niyya mai kyau ce, kuma ya tsayar ɗin. Amma bisashe suka ci ɗiyansa suka baza irin cikin kashinsu, kamar yadda maina ya yi a Hawai, tafkin kuma ya ja baya ya bar masa fili mai laima. Ya zama kurmin ƙaya mai faɗin gaske, ya ci gonaki da hanyoyin jirage da mashaya. A gefe guda kuma mutane da yawa na rayuwa da iccensa da gawayinsa. In ka tambayi mai gawayi da manomi da masunci ra'ayinsu kansa, amsa uku za ka ji.

Kar kuma mu ce duk baƙon icce mugu ne. Dogon yaro baƙo ne, ga shi shi ne inuwar lakwal ɗinmu da kasuwanninmu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, layukan dogon yaron da aka fara dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iska. Mafi yawan tsirran da ake kaiwa wata ƙasa ba su zama annoba. Kaɗan ne ke ɓallewa, amma kaɗan ɗin nan in sun ɓalle ba su komawa.

Wani abin lura kuma, babbar nasarar da ƙasarmu ta samu wajen maido da itatuwa ba daga jirgi ta sauko ba. Tun shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara da sauransu a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka ya kai hekta miliyan 5. Kututturan na nan cikin ƙasa tun da, jira suke a bar su.

Kammalawa

Hillebrand ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba. Likita ne da ya yi wa mutane hidima, ya so ƙasar da ya zauna. Abin da ya rasa shi ne tambaya kafin aiki, kuma a zamaninsa ba a san ana yin ta ba. Mu ba mu da wannan uzuri, tunda labarin Hawai da na tafkin Cadi suna gabanmu.

Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama ma'aikatan gona da na gandun daji, da masu aiki da ƙungiyoyin raya karkara, da magadan gari. Wata rana wani zai zo da sabon iri ya ce yana saurin girma, ba ya jin fari, akuya ba ta cinsa. Waɗannan siffofi uku su ne na lantana. Ranar sai mu tambaya: a ƙasarsa me ke hana shi yaɗuwa, kuma abin yana nan wurinmu? Wa zai ɗauki irinsa, tsuntsu ko ruwa ko bisashe? Me ya yi a wasu ƙasashe masu yanayi irin namu? In ya ɓalle, gonar wa da makiyayar wa zai fara ci, kuma an tambaye su? Sannan, ba mu da ɗan gida da zai yi wannan aiki?

Ranar 3 ga Agusta in an miƙo muku dashe, ku karɓa ku shibka, ku ba shi ruwa. Amma ku tambayi sunansa da inda ya fito.